Yayana yana ɓoye a Bawku, Mma na zaton yana Turai

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, shawara na ce, ba wa'azi ba, wa'azin na yi wa kaina har na gaji.

Ni 'yar Salaga ce, tun da na gama sakandare nake saro albasa a Bawku. Mu biyu Mma ta haifa, ni da yayana, zan kira shi Dogo don da sunan nan duk zango, wato unguwarmu, ke kiransa. Ƙwallon kwando yake bugawa a waje, ya fara da Maroko, ya wuce Fotugal, daga nan Romaniya. Ba irin waɗanda kuke gani a talabijin ba ne, ƙananan kulob ne, kwantiragin shekara ɗaya, ta ƙare ka ɗauki jaka ka nemi wani. Amma a zangonmu kamar shi ya ƙirƙiro ƙwallon. Lokacin da ya fara, dangin babanmu dariya suka yi, wai ƙato kamar bishiyar rimi ya rasa sana'a sai jefa ƙwallo a kwandon da ba gindi. Mma kaɗai ta tsaya masa, da cinikin waake, wato shinkafa da wake, ta kai shi Tamale gwaji, ta ce duk mai magana ya zo ya same ta.

Yanzu Mma ba lafiya, zuciya ce, ƙafafunta sun kumbura ko silifa ba ya shiga. Tana Yendi gidan ƙanwarta saboda asibiti. Ranar da na ce zan kira Dogo ta riƙe min hannu, ta ce, "Ki rantse ba za ki gaya masa ba. Yana tsakiyar wasa, in hankalinsa ya rabu ya yi tsalle ya faɗi, ke za ki ba shi ƙafa?" Na yi musu, ta fara haki, na tsorata na rantse.

To watan jiya na je Bawku sari, na tsaya alwala kusa da wani ƙaramin masallaci bayan kasuwa, sai idona ya faɗa kan takalmi a ƙofa. Wallahi girmansa kamar kwalekwalen fito na Makango. Na san ƙafa ɗaya ce a duniya ke cika wannan takalmin, ni na sha wanke irinsa. Na tsaya. Aka sallame, sai ga yayana ya sunkuyo ta ƙofa da sanda a hammata, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Mutumin da a safiyar nan ya sa hotonsa cikin ƙanƙara a status.

Ban gaishe shi ba kraa, ko sannu, tambayarsa na yi ko ƙanƙarar Bawku ce. Ya ce, "Auta, rage murya." Ashe jijiyar gwiwarsa ce ta tsinke a wasa, likitan kulob ya ce sai tiyata da dogon hutu, kwantiragi ya ƙare ba su sabunta ba, ejan ɗinsa mai nemo masa kulob ya daina ɗaga waya. Wani abokinsa mai fataucin shanu ya ce akwai mai ɗori a Bawku da ke tayar da kowa, sai ya sulalo ba wanda ya sani, wai ya warke ya koma kafin sabuwar kakar wasa. Mai ɗori ya ja, ya murza, ya ɗaure da karare, alhali ba ƙashi ne ya karye ba. Yanzu gwiwar ko lanƙwasuwa ba ta yi, a zaune yake sallah. Na zage shi, ban rage komai ba, na ce mutumin da ya zaga duniya ya kawo jijiya wurin mai ƙashi. Bai rama ba. Ya ce gara ya mutu a ɗakin nan da ya shiga Salaga da sanda dangin baba su ce wa Mma ai mun faɗa miki. Ya yi kuka a gabana, ban taɓa gani ba, ya ce in rantse ba zan gaya wa Mma ba. Maganar ciwon Mma ta zo min har baki na haɗiye. Na rantse masa shi ma.

Jumma'ar da ta wuce ina Yendi Dogo ya turo saƙon murya, Mma ta ce in kunna mata. Yana cewa sanyi ya yi yawa a can amma sun ci wasa, ni kuwa ina jin kukan zabi a bayansa. Mma ta sa na maimaita, tana murmushi, ta ce, "Allah Ya tsare min ƙafafun nan." Sannan ta sa ƙanwarta ta ɗauko man kaɗanya a roba, wai in nemi mai tafiya Turai ya kai masa kada fatarsa ta tsage. Robar na cikin jakata. Fita na yi bayan gida na yi kuka kamar mahaukaciya.

Likita ya ce a guji duk abin da zai girgiza ta, kuma ya ce jikin ba sauƙi yake samu ba. Kaffara ba ta dame ni ba, zan yi azumin. Abin da nake tsoro, in na gaya wa Dogo, a ranar zai hau mota, Mma ta ga ƙafar da take wa addu'a a kan sanda, zuciyar ta tsaya, ni na kashe ta. In na yi shiru kuma ta tafi tana zaton teku ne tsakaninsu, alhali mota ce ta yini ɗaya, ba zai yafe min ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba.

Jibi zan koma Bawku sari. In miƙa masa man in ce Mma na gaishe ka, ko in ce ɗauki sandarka mu tafi Yendi?