Gawar da ke bakin gada

Daren Laraba, Zongo

Yau ma na kunna wasan bidiyon da ɗana Mansur ya bari a ɗakinsa. Shekara biyu ke nan da ya rufe shagonsa na kasuwar Adawlato ya kama hanyar sahara, ba waya, ba labari. Ni da nake yi masa faɗa a kan wasan nan, ga ni da furfurata ina latse-latse.

A cikin wasan bam ya cinye garuruwa, kai kuma sai ka yi ta yawo inda ka ga dama. Ban iya harbi ba. Tafiya kawai nake, kuma bakina bai daina sallama kafin in shiga kango ba.

A bakin wata gada na tarar da gawar saurayi, takalmi ɗaya a ƙafa. Shekara talatin ina wankan gawa a unguwar nan, ban taɓa tsallake mamaci ba. Na kira Rakiya, yayar Mansur, don ta nuna mini inda ake latsawa a binne shi.

Ta duba ta ce, "Baba, babu. Sai dai ka laluba aljihunsa."

Na ce, "Ko a rufa masa zane?"

"Ba su sa wannan ba, Baba."

Ta fita da sauri. Na ji ta buɗe famfo a tsakar gida, ta daɗe.

Na tsaya a kansa har aka kira isha'i, ban laluba ba, ban wuce ba. Allah Ya sa wanda ya tarar da nawa ya samu abin tona rami. Na bar na'urar a kunne, kada wannan ya kwana shi kaɗai.