Raƙumar da Ba Ta Kiran Ɗanta

Bangu Kwara, Litinin

Zuwa ga maiɗakina Gambi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Doso. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mana haƙuri.

Kin tambayi abin da ya hana ni biyo ki. 'Yan wasan kwaikwayon yarinyar nan tamu ne. Tun da muka binne ta suka watse, ga shi raƙuman dawa sun cinye waken gari, har harawar da aka rataye a bishiya ba su bari ba. Manoma sun aika a nemo maharbi a ɓoye. Maigari ya tsayar da su zuwa ranar kasuwa, domin a yi wasan da yarinyar ta shirya kan raƙuman. Idan wasan bai taɓa zukata ba, ya ce ba ruwansa.

Na tara 'yan wasan, amma raina a ɓace yake. Kin san yadda ta tsara shi: raƙumar dawa tana kallo maharbi ya ɗana wa ɗanta baka, amma ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunansa, kamar yadda ni da ke ba mu taɓa kiran nata ba. Wai shi ya sa har yau ba a jin kukan raƙumin dawa. Shirun nan shi ne wasan. To, Dommo, wadda ta gaje ta wajen fitowa a raƙumar, ihu take tana birgima. Jibo kuwa, mai fitowa a maharbi, rawarsa ta wuce kima. A gwajin jiya shi aka yi wa guɗa, har wani tsoho yana cewa, "Harbe ta, ɗan albarka, mu ci wake!" Da na tsawata wa Jibo sai ya ce, "Malam, ƙafa ce fa. In ta ji molo ba ta jin Faransanci." Duk da shekarun da na yi ina koyarwa, sai na tattara takarduna na koma gida.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Sumana Tinni

Bangu Kwara, Juma'a

Zuwa ga maiɗakina Gambi,

Ina gaisuwa, tare da fatan Inna ta sami sauƙi, ke ma kina cin abinci.

An yi wasan. Ana dab da farawa uwar Dommo ta janye 'yarta, ta ce ba za ta saka kayan mamaciya ba. Sauran suka sunkuyar da kai. Sai na ɗauki wuyan raƙumar nan na gora da tabarma na saka. Har yanzu yana ƙamshin turarenta.

Kasuwa ta fashe da dariya. "Ku zo ku ga raƙumi da takalmin boko!" Jibo ya yi rawarsa, ya saki kibiya, ɗan raƙumin ya faɗi. Na tsaya a kansa ban ce komai ba. Ba gwaninta ba ce, Gambi, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Mai molo ya ajiye molonsa. Can wata mai sayar da dambun zogale ta kira sunan yarinyar tamu da ƙarfi, sai mata suka ɗauka.

An sallami maharbin da manoma suka nemo, zuwa bayan girbi kawai. Waken bai dawo ba, maganar yi wa gonaki shinge kuma har yau gardama ake. Abin da ya fi ƙona mini rai, ina zargin ba raƙumar suka tausaya wa ba, ni suka tausaya wa. Jibo ya ce, "Malam, kibiya dai ba ta tashi ba, mene ne na bincike?"

Akwai sauran garuruwan da za a kai wasan, kuma babu mai saka wuyan sai ni. Ki dawo, ina roƙonki. Ina so in ɗaga kai in gan ki a cikin mata.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Sumana Tinni, baban Zalika