Ina Rubuta Littafin Baba, Baba Yana Manta Ni

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin na kai matsayin da ko kuka zan yi sai na fara duba ko akwai lokacinsa. Kada ki sa sunana.

Aikina amsa waya ne. Wani kamfani ne ya jera mu a dogon ɗaki marar taga, kowa da ɗan akurkinsa na katako da na'ura a kunne, tun safe har yamma lis muna ba mutane haƙuri kan laifin da ba mu muka yi ba. Wannan kayansa ba su iso ba, wancan sun iso a fashe, wata kuwa ta kira ne kawai don ta sami wanda za ta zazzage wa. Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Agogo a bayan idonsa, ko banɗaki ka shiga sai ya san daɗewarka. In na tashi daga aiki, wallahi bakina ya ƙare. Ba ciwon jiki nake nufi ba, maganar ce ke ɗaukewa kamar ruwan famfo. In isa gida ga yara da aikin makaranta, ga tukunya, ga maigidan yana tsokanata da "marubuciyar gobe". Ba da mugunta yake faɗa ba, amma tana sukata.

To ni littafi nake rubutawa, a kan mahaifina. Baba direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, kuma ban taɓa ganin mai iya labari kamarsa ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a: ba ya ba da labari in an zauna an zuba masa ido. Sai hannunki na wani aiki a jikinsa, kina yanke masa farce ko kina matsa masa ƙafa, sannan zai ɓalle, ya kai ki tashoshin da ciyawa ta riga ta cinye. Na san za ki ce in ɗauki muryarsa a waya. Na gwada, Gwaggo. Yana ganin wayar ya gyara hula, ya kumbura murya kamar mai karanta labarai, ya jero mini sunayen shugabanninsa na wurin aiki, ya yi shiru. Na ɓoye ta a aljihu, ya gane, ya yi fushin da har ya ƙi cin abinci. Saboda haka a ka nake kwaso labarin duk Asabar, daga gidan Yayata inda yake zaune. Kafin wata Asabar ɗin ta zagayo, koke-koken mutane sun wanke rabinsa.

Babu dabarar da ban yi ba. Na tashi da sassafe, barci ya kwashe ni a kan tebur, na makara, Agogo ya yi mini wankin babban bargo a gaban mutane. Na gwada rubutu a mota, ina tsaye, gwiwar hannun wani a haƙarƙarina. Na gwada lokacin cin abinci, maƙwabciyar kujerata ta riƙa leƙowa tana tambaya ko wasiƙar soyayya ce. Har hutuna na shekara na adana ban taɓa ba, na ce a zama ɗaya zan gama. Ashe kuskure na yi da na bari dangi suka ji. Wannan a raka ta asibiti, waccan ta ajiye mini yaranta tunda ai ina hutu. Ragowar kwanakin kuwa barci na yi kamar gawa. Ɗan abin da na rubuta da na sake karantawa, sai na tarar na sa Baba yana ba fasinjoji haƙuri bisa jinkirin da aka samu, da irin lafazin wurin aikinmu sak. Na yi dariya har ta koma hawaye.

Daga nan ne na yanke shawarar da ta kawo ni gare ki. Na ga Asabar ce kaɗai ranar da kaina ke nawa, sai na daina zuwa wurin Baba, na ce bari in zauna in rubuta waɗanda na riga na kwaso kafin su zube. Kuma rubutun ya tafi, ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa jin daɗinsa irin na waɗannan watanni ba. Yaya ta yi ta kira tana cewa mantuwar Baba tana ƙaruwa, ni kuma ina ce mata saura kaɗan. Har ta gaji ta ce mini in ci gaba da zama da Baban takarda, ita tana nan da mai numfashi.

Makon jiya na je. Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce wa Yaya ta kawo wa baƙuwa ruwa. Na ɗauka wasa yake. Na kama ƙafarsa ina matsawa don in ɓoye fuskata, sai kuwa ya ɓalle da labari. Labarin 'yarsa ya ba ni, Gwaggo. Wai yana da wata 'ya mai ƙwaƙwalwa, tana can tana rubuta littafi a kansa, shi ya sa ba ta samun zuwa, kuma kada kowa ya dame ta. Sannan ya tambaye ni ko na san yaushe zai fito, domin yana so a karanta masa.

Likita ya gaya wa Yaya abin ba ya komawa baya. Littafin ko rabi bai kai ba. In na bar aiki, da shi ake sayen maganinsa. In na koma zuwa Asabar, rubutu ya tsaya. In na zauna rubutu, wa zan karanta wa? Kullum ina gaya wa mutane a waya cewa za a duba matsalarsu, ni kuwa na rasa mai duba tawa. Ina zan samo lokaci, Gwaggo?

Taki,
Mai Ba da Haƙuri

*

'Yata Mai Ba da Haƙuri,

Na karanta wasiƙarki. Kin tambaye ni inda za ki samo lokaci. Da ina da wani lungu da ake ɓoye shi da na nuna miki, amma babu. Kin riga kin tatse ranarki, ba lalaci ke damunki ba, kuma kada ki bari kowa ya ce miki haka.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Da irin aikinki da irin ciwon Baba, littafin nan ba zai kammala yana cikin hayyacin da zai san an kammala ba. Ina jin ke ma kin sani, so kike wani ya faɗa a fili. To na faɗa.

Ban ga son kai a abin da kika yi ba. Tsoron kada labaransa su salwanta ne ya zaunar da ke, kuma tsoron yana kan hanya, domin wasu za su salwanta ɗin. Amma Yayarki ma tana da gaskiya, ko da ta faɗe ta da zafi. Ita ke wanka da wanki da jin tambaya ɗaya sau ba adadi. Ki ba ta haƙuri na gaske, ba irin na wurin aiki ba, ki karɓe ta ranar Asabar ta sami ta miƙe ƙafa.

Aiki kuwa kada ki bari. Ki koma wurin Baba duk mako. In ya ba da labari, kafin ki fita daga gidan ki shiga ɗakin Yaya ki zuba shi a takarda yadda ya zo, a hargitse, ba gyara, ba neman daɗin jimla. Wannan ba rubuta littafi ba ne, ajiya ce, kuma ita kaɗai ƙarfinki zai ɗauka yanzu. Maigidan kuma, tunda yana da bakin tsokana, ya nuna yana da hannun riƙe yara da safiyar Lahadi. In ya yi, kin sami ɗan abin da kika samu. In bai yi ba, ki bar babi-babin nan su kwanta. Za su jira ki, ko da ba lalle ki dawo ki same su da ɗuminsu ba.

Abu ɗaya ne ba zai jira ba. Ya ce yana so a karanta masa. Ki ɗauki ɗan abin nan da kike rainawa ki tafi da shi wannan Asabar ɗin. In ya gane ki, alhamdu lillahi. In bai gane ki ba, kada ki tsaya gardama da ciwo, ki ce 'yarsa ce ta aiko ki da shi, domin ba ƙarya kika yi ba. Ki karanta a hankali. Wataƙila ya gyara miki sunan wata tasha, wataƙila barci ya ɗauke shi a shafi na biyu. Ko wanne ya faru, ki ci gaba da karatun.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka wa Yayarki da alheri, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya ranar da za ki zauna rubuta sauran babu wanda za ki tambaya.

Gwaggonku