Zagayen Filin Makaranta

Litinin, 3 ga Maris
Yau saura ƙiris in yi aika-aika a ɗakin gwajin jini. Kwalabe biyu, ta wata mai ciki da ta wani dattijo, na musanya musu suna. Abokiyar aikina ce ta lura. Ta ɓare takardun ta gyara, ta miƙo min ruwa. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa ba.

Talata, 4 ga Maris
Kwana goma sha tara a jere ban huta ba. Duk wanda uzuri ya taso masa ni yake nema in riƙe masa aiki, ni kuma bakina bai iya a'a ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na auna jinina, ya hau. Na gaya wa Baban yara, shi kuma bai tsaya ko'ina ba sai gidan maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar motsa jiki da yaran unguwa ke kira Anti Kyaftin. Raina ya ɓaci. Wa ya aike shi?

Asabar, 8 ga Maris
Ƙarfe shida na safe Anti Kyaftin tana buga ƙofa, har da usur a wuya. Mace ta haura sittin amma ta fi ni sauri. Muna isa filin makaranta ta karɓe wayata ta jefa a jakarta. Zagaye biyu na ce ƙirjina zai fashe. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Ƙanwata, mai magana ba ta gaji ba."

Duk tafiyar hankalina na cikin jakar nan.

Laraba, 12 ga Maris
Ƙafafuna kamar na aro.

Lahadi, 16 ga Maris
Anti Kyaftin ta zo da sabon salo. Wai in na dawo daga aiki kada in shiga gida kai tsaye, in zauna a bakin ƙofa minti biyar ina ƙirga numfashi. Na gwada. Kafin in kai bakwai na tuna ban rufe firjin magani da kyau ba, ko na rufe? Na kira mai gadi ya duba. A rufe yake.

Ina zaune Auta ta leƙo, ta tsuguna kusa da ni. Ashe mako guda ke nan suna jarrabawa. Na ce me ya hana ta gaya min. Ta ce ta gaya min, sau biyu, na ce to.

Na rasa inda zan sa fuskata.

Juma'a, 21 ga Maris
Oga ya ce in shigo gobe da jibi, mutum biyu ba su nan. Na ji bakina yana cewa ba zan samu dama ba. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ce kuwa?" Ya ce zai tuna. Sau uku na tashi in je in ce na fasa, sau uku na koma na zauna.

Talata, 25 ga Maris
Oga bai amsa gaisuwata ba. Aikin dai an yi shi ba ni, ba wanda ya mutu. Ban san dalilin da ya sa wannan ma ya ɗan sosa min rai ba.

Asabar, 29 ga Maris
Anti Kyaftin ta tafi wurin 'yarta da ta haihu, sai bayan mako biyu. Jiya na ce alhamdulillahi, zan rama barci.

Shida saura idona ya buɗe. Na juya, na sake juyawa. Baban yara ya ce in dai tashi zan yi in tashi, in bar shi da bargonsa. Na ce leƙawa kawai zan yi in ga ko an buɗe ƙofar filin.

A buɗe take. Na yi zagaye biyar. Ba sai ta ji ba.