Taubasai a Gaban Kotun Ɗalibai

Kubwa, Abuja

Zuwa ga Yayana Badaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Rahmatu, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ce sanyin Alƙahira ya tayar. Mu nan lafiya lau. Baban yara yana nan yana fama da cunkoson hanyar Kubwa kullum safiya, ni ma saura shekara biyu in ajiye aikin ma'aikata in huta.

Na saurari saƙon muryar da ka aiko har sau uku, kuma na ji zafin da ke cikinsa. Ka ce 'yata Rukayyat ta watsa wa ɗanka Tawfiq ƙasa a ido a bainar jama'a. Ban amsa ta waya ba don na san halinmu, ni da kai ba ma barin juna mu kai aya. Saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Ƙungiyar ɗaliban jami'arsu, Yaya, gwamnati ce ƙarama. Akwai shugaba da muƙarrabansa, akwai majalisa mai yin doka, sannan akwai kotu mai alƙalai biyar, duk ɗaliban sashen shari'a. Shugaba ne ke kawo sunayensu, majalisa ta tantance, amma da zarar sun yi rantsuwa ba wanda ya isa ya juya su. Aikinsu su fassara kundin ƙungiya, su raba gardama tsakanin shugaba da majalisa, su kuma saurari ƙarar zaɓe. Rukayyat ce shugabar alƙalan tun bara. Da farko dariya nake mata idan ta ɗauko baƙar rigar nan tana gogewa, ina cewa wasan yara ne.

Ka san Tawfiq ya ci zaɓen shugaban ƙungiya da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya. Abin da wataƙila bai faɗa maka ba shi ne, abokin takararsa, wani yaro ɗan Ushafa mai suna Ishaya, ya kai ƙara cewa an rufe akwatin zaɓe na wani ɗakin kwanan ɗalibai saura awa guda lokaci ya cika, alhali mutane na kan layi. Ba wanda ya ce Tawfiq ne ya sa a rufe. Amma ƙarar ta faɗo teburin Rukayyat.

A nan aka samu matsala, kuma kalma ɗaya ce tak. Kundin nasu da Turanci aka rubuta shi, ya ce alƙali ya janye idan mai shari'ar ɗan'uwansa ne, sai dai kalmar da aka sa tana nufin wanda kuka fito ciki ɗaya kawai. Abokan Tawfiq suka zo har gidan nan da kundin a hannu, suka nuna mata cewa ɗan kawu ba ya cikin lissafi, don haka doka ta ba ta damar zama. Ta amsa musu cewa ta san abin da Turancin ya ce, amma ita ba da Turanci take kiran Tawfiq ba. Ta ce wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya da shi tun suna rarrafe, idan ba ɗan'uwanta ba ne, to ba ta san wane ne ba. Washegari ta rubuta takardar janyewa, ko buɗe fayil ɗin ba ta yi ba.

Sai alƙalai suka rage huɗu, mataimakiyarta Christina ta jagoranci zaman. Suka rabu biyu da biyu, kundin kuma ya ba mai jagoranci ikon raba gardama, ta ce a sake zaɓe a wancan akwatin. Lissafin da ke ci wa Tawfiq rai ke nan, wai da Rukayyat ta zauna da uku da biyu aka tashi. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi wannan lissafin, har na yi mata faɗa na ce naka naka ne ko ya ƙi ka. Ta tambaye ni a hankali, in da ƙanwar Ishaya ce a kan kujerar ta ƙi sauka, me zan ce? Shekara talatin da uku ina ganin yadda fayil ke canza hanya a ofis idan ya ji sunan dangi, kullum ina tsaki, sai ga shi abin ya zo gidana ina neman 'yata ta yi irinsa. Wallahi na ji kunya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yaran nan taubasai ne, ɗan wa da 'yar ƙanwa, ka san yadda suke. Tawfiq ba ya shigowa gidan nan sai ya ce da ita alƙaliyar ƙauye, ya ɗauke naman da ke kwanonta, ita kuma ta ce masa shugaban da ba shi da mabiya. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni, ya same ta a falo, ya rusuna ya ce mata ranki ya daɗe, ya tambaye ta karatu cikin ladabi kamar baƙo. Ta amsa, ta shige ɗaki. Da na bi ta na tarar tana kuka. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Za a sake zaɓen ranar Asabar ta sama. Ko ya ci ko ya faɗi, shugabancin shekara ɗaya ne, zumunci kuwa ba ya da wa'adi. Idan ya ci, ba mai cewa ƙanwarsa ce ta ba shi, kuma wannan ita ta yi masa. Ba na roƙon ka ce tana da gaskiya. Ka dai kira shi, kai yake jin maganarka, ka ce masa ladabin ya isa haka, ya zo ya ɗauke mata nama.

Ka gaishe min da Anti Rahmatu da 'yarka Ameera, da maƙwabcinka Malam Manniru da iyalinsa. Baban yara da ɗana Kabir suna gaishe ku. Rukayyat ma ta ce in gaishe ka, in har za ka amsa.

Taka ƙanwa,
Hansatu