Ƙarfen da Ya Kashe Ari

Zuwa ga Mushe, Bature Wakilin kamfani a Damagaram,

Gaisuwa da ladabi, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka:

Ni ne Bukar, makaniken kantinku na Gure. Ubana bai bar mini ko akuya ba. Da ƙafata na je Damagaram na shiga lakwal, makarantar boko, ba wanda ya riƙe hannuna. Gyaran mota a kwance ƙarƙashinta na koye shi. Garajinku na nan ni na ɗora tubalinsa, ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota ni na haƙa. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, sai don ka san wanda ke magana.

Na ɗaya. A ƙarshen damanar nan kamiyonku, babbar motar kaya, ta kife a hanyar Gamu da lodin fatu, domin rulmar ƙafar gaba ta fashe, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ƙafa ke juyawa a kansa. Ari, shofer ɗinta da ke tuƙa ta, ya rasu a wurin. Aminina ne, kwano ɗaya muke ci. Kuka ce makanike ne bai sa giris ba. Mushe, na sa. Safiyar da zai tashi na ɗaga ƙafar na juya ta, na kafa itace a jikinta na ɗora kunnena, kamar kullum. Ban ji komai ba.

Na biyu. Na je wurin a kan raƙumi na tone yashi na tsinto gutsattsarin. Giris na nan jikinsu. A bakin karayar, can cikin naman ƙarfen, akwai baƙin ɗigo kamar ƙwayar yashi, tsaga kuwa daga nan ta faro. Maƙeranmu sun san wannan, kashin maƙera ne da ba a fitar ba tun wurin narkawa. Fartanyar da ke da shi ba ta karyewa ranar da aka saye ta, sai tsakiyar noma. Haka rulma. Duk juyin ƙafa nauyi na danna wurin, tsagar na ƙaruwa a ɓoye, har ƙarfen ya gaji. Mai tsabta yakan yi shekaru. Wannan a watan Azumi na sa ta sabuwa, ko Babbar Salla ba ta daɗe da wucewa ba ta fashe. Kunnena bai kai cikin ƙarfe ba, kuma wannan ne ke hana ni barci.

Na uku. Ɗan aikenku ya faɗi hukuncinku a kasuwa, gaban jama'a, cewa laifina ne, kun kore ni. Ranar sadakar bakwai na kai goro gidan su Ari, aka maido mini da shi. Mahaifiyarsa, Ya Fanna, wadda ke ce mini ɗana, yanzu in ta hango ni sai ta ja mayafi ta sake hanya. Korar da kuka yi mini ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Saboda haka ina roƙo. A cire sauran rulmomin da suka zo akwati ɗaya da wannan, tun ba a sake wata gawar ba. A aika gutsuren ga waɗanda suka ƙera shi, yana hannuna a naɗe. A kuma maido ɗan aiken nan kasuwar da ya yi magana, ya faɗi abin da aka gani.

Abu na ƙarshe ba roƙo ba ne. An karanta mini rahotonku, ya kira ni "wani ma'aikaci ɗan ƙasa". Ina da suna. Ku rubuta cewa Bukar ɗan Mamadu ne ya ce dattin a cikin ƙarfen yake. In an bincika aka ga ƙarya nake, a bar sunan a wurin, in ɗauki laifin da shi.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka yi adalci. Allah ya jiƙan Ari.

Wassalam.

Bukar ɗan Mamadu, Gure.