Layin Bana a Littafin Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya idon nasa tun bayan aikin? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Yaya, na yi ta'asa. Kin san sheƙunan lakar nan na tsattsewa a rufin barandarmu, da littafin da Baba yake rubuta ranar dawowarsu duk bazara, shekara talatin da ɗaya. To, da zan yi wa gidan fenti don ya dawo ya tarar da shi fes, sai na kankare su saboda kashi, har na buga raga a wurin. Ni a dole mai gyara!

Ranar Talata da hantsi na ji kukan tsattsewar, sun dawo. Kwana uku suna shawagi, suna bugun raga da ƙirji, sannan suka tafi.

Da Baba ya kira jiya ya ce in ɗaga waya ya ji su, sai na kunna masa wani kukan tsattsewa da na sauko da shi daga intanet. Da ya gama saurare, ya yi mini godiya. Godiyar nan ta hana ni sakat. Don Allah, in ya sa ki rubuta ranar a littafin, kada ki rubuta.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye.

Ashe tun a wayar Baba ya gane. Wai kukan 'ya'ya masu neman abinci na kunna masa, alhali iyayen ko ƙwai ba su kai ga yi ba. Kuma bai ce ki rubuta komai ba, saƙonsa kawai in riƙa jiƙa ƙasar gindin famfo, don mai gini yana bukatar laka. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na cire ragar. Kullum da safe ina kwaɓa laka, maƙwabta na kallona kamar taɓaɓɓe. Yau kwana tara, ba tsattsewa ko ɗaya.

Ki gaishe shi, ki ce ina neman gafara. Ki bar layin bana a buɗe, in na ji su da kunnena zan faɗa miki.

Ƙaninki mai laifi,
Auta